Unguwar da Ba a Mutuwa

Aji huɗu na yi a makaranta. Sauran karatuna a jikin bishiyoyi da ƙofofi na yi shi, wajen takardun mamata. A wajenmu in mutum ya mutu akan buga takarda da hotonsa da shekarunsa a liƙa inda masu wucewa za su gani, a sake a kwana arba'in, a sake in ya shekara. Shekara talatin ina gadin mahaɗar jirgin ƙasa, tsakanin jirgi da jirgi ba ni da aiki sai haɗa baƙaƙensu. Na taɓa ganin wani da aka buga hotonsa rungume da akuya, har yau ina tunanin akuyar.

Matata Velika ta rasu bara da kaka. Mutum biyar suka rage a ƙauyenmu, biyu ba sa gani. Ɗana Lachezar ya samu aiki a birnin Plovdiv, ya ce ba zai bar ni ina hira da kaji ba. Ranar Talata muka shiga gari neman unguwa, da shi da matarsa Desislava. Takardar cikar shekarar rasuwar Velika tana aljihuna, ranar Asabar ce ranarta. Su gida suke nema. Ni wurin da zan liƙa ta nake nema, inda wani zai tsaya ya karanta.

Wani dillali mai takalmi kamar bakin kifi ya kai mu sabuwar unguwa mai katanga da mai gadi. Gidajen fari fat, duk kai ɗaya. Na sunkuya na taɓa ciyawar, ashe roba ce. Na zaga na zaga ina duban bango.

"Baba, me ka yar?" in ji Desislava.

"Matattunsu nake nema."

"Ka ga abin da ya burge ni ke nan! Ko takarda ɗaya babu. Ka fito da safe ba wanda zai zuba maka ido daga jikin bishiya."

Na juya wajen dillalin. "Ɗan nan, ba a mutuwa a nan ne?"

Ya yi murmushin da ake koya musu. "Ana yi, kawu, amma cikin natsuwa."

Cikin natsuwa! Na ciro takardar Velika na nufi wata bishiya da ba ta kai kaurin sandata ba, an ɗaure ta da igiya uku kada ta faɗi. Ban gama daidaita ƙusa ba mai gadi ya iso da gudu.

"Tsoho, an hana! In sanarwa ce, akwai zauren mazauna a waya, can ake sawa."

"Wa ya mutu a nan bana?"

Ya sosa ƙeya. "Akwai wani a gida na shida, ina jin. Ko tashi ya yi ne?"

Lachezar ya ja hannuna yana raɗa: "Baba, don Allah, kana ba mu kunya." Suka shiga duba banɗaki mai fitilar da ke kunna kanta. Ni kuwa na fice, na hau bas ɗin farko da ta tsaya, na sauka inda na hangi wanki a shanye.

Tsohuwar unguwa ce a gindin tudu, gidajen sun yi furfura, ana gasa tattasai a wani tsakar gida. A bakin shagon burodi akwai bishiya mai kauri da ƙusoshi suka cinye, takardu har kan takardu. Na tsaya ina karantawa. Mai shekara casa'in da ɗaya. Tamanin da takwas. Wani mai gashin baki kamar ƙahon rago.

"Kai tsoho, wuri kake kama wa kanka?"

Wata tsohuwa ce a kan benci tana ɓarar wake. Daga baya na ji sunanta Tsonka.

"Wa matata," na ce, na ɗora takardar.

"Kai, sauke! Kusa da Gocho wanzami za ka sa ta? Mutumin da bai bar matar kowa ba yana raye? Matsar da ita nan, gefen malamar makaranta." Ta goge hannu, ta sa tabarau, ta karanta tun daga sama har ƙasa, leɓenta na motsi. "Velika. Saba'in da huɗu. Yarinya ce ma. Wannan haɓar tata, ta sha yi maka faɗa ko?"

"Kullum."

"Da ganinka ka cancanta. Yaushe ne sadakar alkamar cikar shekara?"

"Asabar."

"Wa zai dafa? Kai? Allah ya kiyaye. Kawo mini ranar Juma'a."

Da la'asar Lachezar ya same ni a bencin, bayan ya yi ta kiran wayata har ta gaji. Ya dubi bangon da ke ɓarewa, ya dubi kuliyoyi.

"Baba, nan? Ko wurin ajiye mota babu!"

"Akwai ɗaki a saman shagon mai burodi. Ku je ku mutu cikin natsuwa, ni a nan za ka ajiye ni."

"Bene na uku ne, gwiwarka fa?"

"Yaro, mu ma da gwiwa muke hawa," in ji Tsonka, ba ta ko ɗago kai daga waken ba.

Ranar Asabar muka tsaya a gindin bishiyar da tasar dafaffiyar alkama da sukari. Mutum goma sha ɗaya da ba su taɓa ganin Velika ba suka ci cokali-cokali, kowa ya dubi hoton ya ambaci sunanta ya roƙa mata gafara. Mai burodi ya ce tana kama da gwaggonsa. Desislava ta zo da ƙoƙon roba, ta tsaya nesa kada ta taka kashin tattabara.

Tsonka ta lashe cokalinta ta dube ni. "Ka yi rowar sukari. Baɗi ni zan saya."