Sallama ta Uku a Tudun Ingila

Jiya da dare mafarki ya kwashe ni ya ajiye a karkarar Ingila, ni da ko Zariya ban taɓa wucewa ba. Ruwan sama na tashi daga ciyawa yana komawa gajimare, wandona ya jiƙe sharaf, hulata a bushe.

A gindin wani tudu na tarar da tebur, wata tunkiya mai tabarau na zaune bayansa.

"Kai ne ɗan Malam Tsalha magini?" ta ce. "Yana sama."

Baba ya daɗe da rasuwa, har muryarsa ta fara ɓace mini, abin da ya fi komai ci mini rai ke nan. Na kama hawa.

Sai ga ni cikin duhuwar itatuwa, gaban wani dogon ginin dutse mai kusurwa huɗu, kansa da tsini kamar fensirin da aka fere. Na zagaya, babu ƙofa babu taga. Tunkiyar ta riga ni isowa, har da teburinta.

"Hajiya, hasumiya ce?"

"A'a."

"Rumbu?"

"Ba ya aikin komai. Wani attajiri ya gina shi don a gani, jikansa ya dasa itatuwa don kada a gani."

"To me Baba yake yi a ciki?"

"Duba jerin dutsen yake. Ya ce bai taɓa ganin aikin banza mai kyau haka ba."

Wannan kam maganarsa ce. Na cire takalma na yi sallama. Shiru. Na sake, itatuwan suka ja da baya don su ba mu wuri, amma ba a amsa ba.

Tsoro ya kama ni. A gidanmu sallama uku ce, in ba a amsa ba ka juya, ko da kana jin motsin mutum a ciki.

"Nan ƙwanƙwasawa ake yi," in ji tunkiya. "Ba ta da adadi."

"Ba haka ya koya mini ba."

Na tsuguna, na jingina goshi da dutsen mai sanyi, na yi ta uku a hankali. Can ciki aka yi gyaran murya, irin tasa sak, wadda yake yi kafin ya kira sunana.

Nan maƙwabciyata Tabawa ta tayar da injin markaɗe, ƙararsa ta farkar da ni. Na runtse ido ina jira ta kashe, ko zai ƙarasa. Waken ƙosai ne aka kawo mata, bokiti guda.