Kwano Mai Ɗigo Uku

Kwana huɗu ke nan ba wanda ya leƙo gidan Ya Kaltuma a unguwar Kara-Kara ta Damagaram don sayen man gyaɗa. Wani marar suna ya watsa hoto a salula: kwano cike da mai, mataccen ɓera a ciki, sunanta a ƙasa. Ita da ta shekara talatin tana matsar gyaɗar Takieta, ko ƙuda bai taɓa faɗa mata cikin mai ba!

Zama ya gagare ta. Ta je komisariya wurin 'yan sanda, aka ce ta rubuto ƙara. Ta je wurin mai unguwa, ya ce haƙuri. Haƙurin za ta ɗora a murhu? Ta zarce shagon Tahiru, ɗan ƙanwarta mai gyaran ordinata, wato kwamfuta.

"Kai da ake ce wa likitan akwatunan nan, tono mini ɗan banzan."

"Inna, tun jiya nake bin sawunsa. Ta wata hanyar intanet ya bi, mai ɓoye mutum, saƙo ya yi ta zango-zango har asalinsa ya ɓace. Ko an kama ordinatarsa, in ya kulle cikinta da kode, lambar sirri ke nan, sai dai a kalle ta kamar dutse."

"To uban me kake ci a shagon nan? Nuna mini hoton da idona."

Ya nuna.

"Ƙara masa girma. Ba ɓeran ba, na san ɓera! Bakin kwanon."

Ga ɗigo uku na jan fenti. Kowace mace a unguwar tana da shaidar kwanukanta, don kada su cuɗe ranar biki. Ɗigo uku kuwa na Kaltuma ne.

Tahiru ya dafe kai. "Naki ne? Ai wannan ya ƙara ɗaure ki, Inna."

"Boko ya cinye maka kai. Shida gare ni, biyar na ɗakina. Na shida na kai tuwo da shi gidan Shatu ta unguwarmu ranar suna, wata biyu bai dawo ba. Wa ya sayi injin matsar mai bana? Ba ɗanta Suma'ila ba?"

Ba ta jira amsa ba. Ta koma gida ta jera kwanuka biyar a kai, ta biya ta ja mai unguwa, Tahiru da matan unguwa na biye da su.

"Salamu alaikum, Shatu. Kwanona na zo karɓa, da ɓeran ko ba ɓeran."

Shatu ta hau kame-kame. Wata maƙwabciya ta jawo kwanon daga bayan randa, har yanzu yana maiƙo. Suma'ila ya fito yana sosa ƙeya, ido a ƙasa.

Kaltuma ta karɓi salular Tahiru ta kai masa ita baki.

"Faɗi abin da ka yi, duk Damagaram ta ji. Ka fara da sunanka da na ubanka."