Ƙulli a Bakin Zanin Matata

Ni na fara gani. Na riga likita, na riga nas, na riga 'yarmu malamar makaranta da ke yawo da takardar asibiti a jaka. Ni ɗin nan, tsoho mai wanki da guga, da ban taɓa zama a aji ba.

Shekara arba'in da ɗaya ina wanke kayan mutane. Shago ya taɓa kamawa da wuta ina ciki, na fito da ƙafata, dutsen guga a hannu, ko gezau. Amma ranar da na ɗauki zanin matata zan jiƙa, na ji ƙulli a bakinsa, na kwance na tarar da taunannen naman kaza da shinkafa, sai da na tsorata. Na zazzage kwandon wanki. Zani huɗu, ƙulli huɗu.

Wata biyu ke nan da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Likita ya hana gishiri da mai. 'Yarmu kuwa ta bi takarda sak: ta tafasa ƙirjin kaza a ruwan banza har ya koma kamar tsumma, shinkafa a tsane warara. Tana ba uwarta, tana juya baya, uwar ta tofar ta ƙulle da hannun hagu.

Na shiga ɗaki da zanin. "Tsohuwa, mene ne wannan?"

Ta kau da kai. Maganarta yanzu a karkace take fita. "Ba ya wucewa, Malam. Nan yake tsaya mini." Ta taɓa maƙogwaro. "Tsoro nake ji."

Ranar Litinin ce. Nas ta riga ta faɗa mana cewa Alhamis za a ɗora ta a sikeli, in ta ƙara ramewa za a zura mata roba ta hanci, ta nan abinci zai riƙa shiga. Tun da matata ta ji haka ta riƙe mini hannu ta ce kada in bari.

Na tarar da 'yarmu a kicin, na nuna mata ƙullin. Ta dafe bango, idonta ya ciko. Na ce ta ba ni tukunya.

"Baba, ko ruwan shayi ka taɓa dafawa?"

"Uwata, rigar da ta bushe ƙayau, in kin ɗora mata dutse ƙonewa take yi. Sai an yayyafa ruwa, an naɗe, an bar ta ta sha. Nama ma haka ne."

"Mama fa ba riga ba ce! In ta shaƙe a hannunka?"

Abin da ke cina ke nan. 'Yarmu ta buga wa nas waya. Nas ta ce e, a ba ta mai laushi mai ɗanshi, a zaunar da ita miƙe, da ƙaramin cokali, gishiri ko ƙwaya ɗaya a'a, in ta sarƙe a sunkuyar da ita gaba.

Na ajiye ƙirjin gefe, na ɗauki cinyoyi na saɓule fatar. Ƙasusuwan na tafasa da albasa da tafarnuwa da ɗanyar citta, na tace romon, a cikinsa na zuba shinkafa. Na jera cinyoyin a kai, na shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a bakin tukunya kafin in rufe, don tururi ya zauna a ciki. Wuta kaɗan-kaɗan. Da na sauke, 'yarmu ta miƙa hannu za ta buɗe, na buge hannun. Sai da ya huta kamar minti goma. Sannan na mutsuttsuke naman da yatsu har ya zama silili, na matsa lemun tsami, na ƙara romo na dama.

Muka tokare matata da matashi uku. Na ɗebo a ƙaramin cokali na kai bakinta.

Ta karɓa. Ta tauna. Sai tari ya sarƙe ta.

'Yarmu ta yi ƙara, "Baba, ka kashe ta!" Na saki kwanon a kan gado. Fuskar matata ta yi jawur, idanu waje. Na sunkuyar da ita gaba kamar yadda nas ta ce, ina kallon maƙogwaronta kawai. Ya hau sama. Ya sauko. Ta ja numfashi mai tsawo.

"Zafi," in ji ta. "Sai ka hura mana, mai guga."

Na hura. Cokali tara ta ci a ranar, kowane ɗaya sai na ga ya wuce nake numfashi. Talata goma sha huɗu. Laraba ta ce citta ta yi yawa, wai na fi iya wanki.

Alhamis aka ɗora ta a sikeli, ina riƙe da hammatarta. Nas ta duba, ta sake dubawa. Ba ta ƙaru ba, amma ba ta ragu ba. Ta mayar da robar cikin durowa ta ce mu dawo bayan sati biyu.

Har yau kowace loma sai gabana ya faɗi. Amma ni nake dafawa, ni nake ba ta. Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo gobe da azahar, zan miƙa masa cokalin ya ba ta loma ɗaya tak, mu ga ko zai iya kai shi bakinta bai zubar ba.