Ƙashin Ɗan Yatsa

Lok Chun ya shimfiɗa farin zane a bakin kabarin, yana jera ƙasusuwan ƙaninsa ɗaya bayan ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rami ya rufta da Lok Fai a wajen haƙar zinariya na kwarin Tuapeka, a ƙasar Niyu Zilan. Jibi Chun zai hau jirgin ruwa ya koma ƙauyensu a Punyu ta ƙasar Sin, kuma ba zai tafi ya bar ƙaninsa ba.

Martin, babban ɗan Chun mai shekara goma sha bakwai, shi ne cikin ramin, yana miƙo ƙashi. Gwiwoyin tsohon ba sa lanƙwasuwa.

"Saura ɗaya," in ji Chun. "Ƙaramin yatsan hagu."

"Baba, ƙasa ta cinye shi."

"Ƙasa ba ta cin ƙashi a shekara goma sha ɗaya. Ɗauko faranti."

Martin ya ɗauko farantin da suke wanke zinariya da shi. Ya riƙa ɗibar ƙasar kabarin yana kai wa rafi, yana juya ta cikin ruwan da ke ƙandarar da hannu. Ƙaninsa Denis, ɗan shekara takwas, yana jigilar bokiti. Tun da uwarsu Nora, 'yar ƙasar Ailan, ta rasu bara, ɗan sandan gari ke zagayen bukkarsu. Ya faɗa ƙarara: ranar da uba ya tafi, in babu gida babu abin yi, gidan marayu na birnin Dunedin zai kai ƙaramin. Bukka da lambun kabejin kuwa Chun ya riga ya yi wa maƙwabcinsa Gow alkawarin sayar masa.

"Kai, ragon banza, a hankali," in ji tsohon. "Hannu kamar na Bature. Mu ba ma barin ko tsinken jininmu a ƙasar baƙi."

Martin bai ɗago ba. A wanki na ashirin da wani abu, ƙashin ya bayyana a gindin faranti, bai fi ƙwayar wake ba. Ya dunƙule shi a hannu, ya miƙe.

"Na samu."

"Kawo."

"Mu fa, Baba? Jinin wa ne?"

*

Sun zauna a kan dutse. Martin ya aiki Denis gida ya hura wuta.

"Ni na girma," in ji Martin. "Tafi da Denis."

"Da wannan jan gashin? Yaran ƙauye za su jefe shi. Ko gaisuwa bai iya da harshenmu ba."

"Wa ya hana a koya masa?"

Chun ya ɗauki lokaci yana cusa taba a lofe. "Matar da na bari can ta ɗauki yaro daga dangi. Shi aka rubuta a littafin zuriya. Shi zai share kabarina."

Shekara goma sha bakwai suna cin shinkafa a akushi ɗaya, sai yau Martin ya ji wannan. Bai yi kuka ba. Ya dubi rafin, inda ruwa ke gudu da ƙarfi.

"To, bukka da lambu. Ka sa hannu a gaban akawun kotu, da sunana."

"Na ba Gow magana."

Martin ya miƙa dunƙulallen hannunsa, da ƙashin a ciki, bisa ruwan.

"Ɗan iska! Baffanka ne!"

"Denis ɗanka ne."

Tsohon ya dubi hannun, bai dubi fuskar ba. Wata shida Martin na roƙonsa wannan abu, da safe da yamma, ko gezau.

"Gobe da safe," in ji tsohon.

"Yau. Kotu ba ta tashi ba."

Suka taka mil huɗu zuwa gari. Sai da tawada ta bushe sannan Martin ya buɗe hannunsa.

*

Ranar tafiya an tashi da ruwan sama. Chun ya ɗora akwatin ƙasusuwan a keken doki, ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe shi, ya cusa gefunan da kyau don kada ɗigo ya shiga. Denis na tsaye a bakin hanya ba hula, ruwa na bin wuyansa, yana ɗaga hannu.

Martin ya jira har keken ya sha kwana. Sannan ya miƙa wa ƙaninsa fartanya.

"Zo. Kabeji ba ya jira."