Kwalbar da Aka Tsinta a Bakin Tafki

Irimiya Dantani mutumin Zuru ne, amma shekararsa goma sha ɗaya a Bodinga. Yana da ɗan shago kusa da tasha inda yake sayar da iri da maganin ƙwari. Idan rani ya yi, yakan ɗaure tankin feshi a bayan babur, ya bi gonakin albasa har cikin ƙasar Shagari yana yi wa manoma feshi. Shi da matarsa Ladi Kirista ne. Duk Lahadi sukan taru da wasu gidaje goma sha biyu su yi ibada a wani ɗakin kwano a bayan gari, yawancinsu malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya da aiki ya kawo. Irimiya ne ke zagayawa da tiren gurasa da ƙananan kofuna ranar ibadar Jibin Ubangiji, domin kowa ya shaide shi da riƙon gaskiya.

Wata Laraba cikin watan Maris ya yi feshi a gonar Malam Sodangi, wani dattijon manomi da ke wani ƙauye kusa da Kajiji. Rana ta take, bayansa na zafi, ga wata gona tana jiransa. Sodangi ya tafi sallar azahar. Da Irimiya ya gama, sai ya ga akwai ragowar magani a tanki. Ya san abin da ya kamata: a haƙa rami nesa da ruwa, a zuba, a rufe. Shi da kansa yake nanata wa masu sayen magani haka. Amma ƙasa ta bushe ƙamas, ga kuma ɗan tafki a gefen fadama wanda ruwansa ya ja baya. Ya ga sawun shanu cike da bakin tafkin. Ya waiga dama da hagu, ba kowa. Ya tuttule ragowar a ciki, ya ɗauraye tankin sau uku, ya wurga kwalbar cikin ciyawa, ya hau babur.

Washegari da hantsi wani direban bas ya tsaya a shagon da labari. Shanun wani makiyayi mai suna Badaru guda bakwai sun faɗi a bakin tafkin, kumfa na fita daga bakinsu. An tsinci kwalbar magani a wurin. Kuma kowa a ƙauyen ya tuna cewa a watan jiya, da shanun suka shiga albasar Sodangi, ya ce wa Badaru a gaban jama'a, in suka sake zai ga abin da zai faru. 'Yan'uwan Badaru sun taso da sanduna da takubba. Hakimi ya sa an kawo Sodangi gidansa an ajiye, iyalinsa kuma sun gudu ƙauyen surukai.

Irimiya ya ce, "Allah ya kyauta," ya juya yana gyara kwalaben da ba su buƙatar gyara.

Da ya koma gida cin abincin rana, ya tarar labarin ya riga shi. Ladi ta ajiye masa kwano ta tsaya a kansa.

"Ba a gonar Sodangi ka yi aiki jiya ba?"

"A can na yi."

"A ina ka wanke tanki?"

"Maganin nan kowa na sayar da shi, Ladi. Har a kasuwar Shagari ana baza shi a ƙasa."

"Ban tambaye ka masu sayarwa ba. Wandonka da na wanke jiya, har gwiwa taɓo ne. Ina ka sami taɓo a wannan rani?"

Ya ture kwanon. "To ko da ni ne, da gangan na yi? Kuskure ai ba zunubi ba ne. Kin san abin da zai same mu in aka ce wani Kirista ya zuba guba a ruwan mutane? Ba wanda zai tsaya jin kuskure ne. Ki dubi yaranki ki yi shiru."

Ladi ta dubi yaran biyu da ke wasa a tsakar gida. Ta yi shirun. Amma ranar, da ya miƙa hannu su yi addu'ar yamma tare kamar kullum, sai ta ce kanta na ciwo.

Ranar Juma'a da safe hakimi ya aiko a kira shi, tun da shi ne ya yi feshin. Duk hanya yana shirya abin da zai faɗa, yana rushewa. A ƙofar gidan hakimi ya tarar da mutane tsaitsaye, makiyaya a gefe guda sun dogara da sandunansu. A cikin zaure Sodangi na zaune a ƙasa ba hula, ya tsufa cikin kwana biyu. Ga kwalbar a kan tabarma a gaban hakimi.

Irimiya ya durƙusa. "Ranka ya daɗe."

Hakimi ya nuna kwalbar da yatsa. "Da irin wagga kay yi aiki gonar Sodangi?"

"Da irinta ne, ranka ya daɗe."

"Da kag gama, tahiya kay yi da ita ko ko barinta kay yi?"

Daga waje wani ya buga sanda a ƙasa. Sai Irimiya ya ji bakinsa na cewa, "A gonar na bar ta, da ragowar magani a ciki."

Aka ɗauki guna-guni. Sodangi ya ɗago kai a hankali ya dube shi, ba fushi a fuskarsa, sai ruɗewa.

"Ranka shi daɗe, ni dai ban gan ta ba, Allah shina gani. Amma Irimiya ba shi ƙarya. Shekara shida shina yi man aiki. In ya ce ya bar ta, to ya bar ta. Wanda yaɗ ɗauka ne ban sani ba."

Hakimi ya ɗage magana zuwa Litinin. Irimiya ya fito, ya kasa tayar da babur sai a bugu na biyar. Da ya yi nisa da gari ya tsaya a gindin wata bagaruwa ya yi amai.

Ran Asabar aka ƙona rumbun albasar Sodangi, amfanin rani guda ya tafi. Aka kuma ce dangin Badaru sun rantse, in ba a yanke hukunci ran Litinin ba, su za su yanke. Irimiya ya wuni a shago, duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa sai ya leƙa ya ga ko shi aka zo nema. Ya riƙa gaya wa kansa cewa hakimi zai sasanta, ai Sodangi ɗan gari ne, yana da dangi, ba abin da za a yi masa. Ya gaya wa kansa cewa rayukan gidaje goma sha biyu yake karewa. Yana faɗa yana jin muryar tsohon tana cewa Irimiya ba shi ƙarya.

Lahadin ta zo daidai da Jibin Ubangiji. Ya ɗauki tire ya fara zagayawa da ƙananan kofunan. Da ya iso kan Ladi, ta ɗauki nata ba ta dube shi ba. Da aka zo kansa, ya kai kofin har leɓe ya kasa sha. Ya mayar a tire a hankali, yana fatan ba wanda ya gani.

Fasto Barnaba ya gani. Mutum ne gajere mai furfura, wanda ya yi shekara ashirin yana lallaɓa zaman lafiya da maƙwabta. Bayan an watse ya ce Irimiya ya tsaya su jera benci.

Irimiya ya fara da cewa, "Baba, akwai wani mutum da ya yi wani kuskure a wurin aiki."

"Zauna," in ji faston. "Ka faɗa min da sunanka."

Ya zauna ya faɗa, tun daga tafki har zauren hakimi. Faston ya cire tabarau ya goge.

"Baba, ka yi min addu'a a nan. Na tuba. Allah ai yana ji daga nan, ba sai na je Kajiji ba."

"Yana ji. Kuma ba zan ɓoye maka ba, ɗana, ina jin tsoro. Tun da ka fara magana nake lissafa yaran da ke zuwa ɗakin nan. Wani ɓangare na zuciyata yana so in ce maka ka yi shiru." Ya mayar da tabaran. "Amma wani bawan Allah na tsare saboda maganar bakinka, gobe wataƙila a kashe shi. In na ɗora maka hannu na ce an gafarta, alhali ka bar shi a can, ni da kai mun yi wa Allah ƙarya ke nan a cikin ɗakinsa."

"In suka kashe ni fa?"

"Ban isa in ce maka ba za su yi ba. Abin da zan iya shi ne in bi ka."

Da yamma Ladi ta sa yaran a mota zuwa wurin yayarta a Sakkwato. Ita ta ƙi tafiya. Ta goge masa riga, ta ce, "In za ka faɗa, ka faɗa duka. Kada ka rage."

Ran Litinin taron ya ninka na Juma'a. Irimiya ya ajiye babur nesa, faston na biye da shi, suka ratsa ta tsakanin mutane. Yana jin warin gumi da na fatar kuben takubba. Kafin hakimi ya buɗe magana, ya durƙusa a tsakiyar zaure.

"Ranka ya daɗe, na yi ƙarya ranar Juma'a. Ban bar kwalba a gona ba. Ni na zuba ragowar magani a tafki, ni na wanke tanki a ciki, ni na jefar da kwalbar. Malam Sodangi yana masallaci, bai san komai ba."

Maganar ta fita waje, hayaniya ta ɓarke. Wani saurayi ya kutso ya sauke masa sanda a kafaɗa, ya faɗi a kan tabarma. Dogarai suka tare ƙofa, hakimi na daka tsawa. Fasto Barnaba ya tsuguna ya rufe shi da jikinsa.

Badaru ne ya tsayar da abin. Dogo ne siriri, bai ce uffan ba tun Alhamis. Ya ɗaga hannu, danginsa suka ja baya. Ya matso ya tsaya a kan Irimiya.

"Tambaya guda nika yi ma. Sa'ad da kaz zuba, ka san shanu na shan ruwa nan?"

Irimiya ya ga ƙofar tsira a buɗe. In ya ce bai sani ba, ba mai iya ƙaryata shi, shi baƙo ne a ƙauyen. Faston ma bai ɗago kai ba. Kafaɗarsa na zugi.

"Na sani. Na ga sawunsu. Ganda ce ta hana ni haƙa rami."

Badaru ya ce, "Guda cikinsu tun kakana zuri'arta take garkenmu." Ya juya ga hakimi. "Ranka shi daɗe, a sallami Sodangi. Rumbunsa kuma yaranmu sunka ƙone shi, mu ka biya. Wanga kuma hukuma ta yi aikinta, kar wanda yat taɓa shi."

Aka fitar da Irimiya ta ƙofar baya zuwa wurin 'yan sanda a Shagari, ya kwana uku a can. Daga baya aka yi sulhu a gaban hakimi a kan diyyar shanun. Wajen biyanta babur ya tafi, kayan shago suka tafi, har keken ɗinkin Ladi. Ba wanda ya taɓa ɗakin kwanon nan na bayan gari, ko da yake an yi makonni rabin bencin ba kowa, kuma akwai waɗanda suka daina gaishe shi a cikin 'yan'uwansa Kirista, suna cewa ya jefa su cikin haɗari. Ya tsaya a gaban ikilisiya ya sake faɗar abin da bakinsa, aka dakatar da shi daga ɗaukar tire na shekara guda.

Ya koma ɗinke buhunan albasa a kasuwar Bodinga. A can ne, gab da faɗuwar damina, ya ɗago kai ya ga Sodangi tsaye a gabansa. Irimiya ya saki allura ya durƙusa.

"Malam, ka yafe min."

Tsohon ya dubi buhunan, ya dubi hannuwansa da igiya ta yayyanka.

"Zuba maganin na yahe, kowa na kuskure. Dawowar da kay yi kuma, Allah shi saka ma. Amma ranar Juma'ar nan da nis shaide ka gaban mutane kana kallona, ita har yau ban kai ga yahe ta ba. Ina roƙon Allah shi ba ni iko."

"Na ji, Malam. Zan jira."

Sodangi ya gyara zaman hularsa, ya wuce wajen masu awon gero. Irimiya ya ɗauki allurarsa ya ci gaba da ɗinki.