Sunan da Ya Maƙale wa Nazeefa

Tun da Gwaggo Fadima, ƙanwar babanta, ta bugo waya cewa tana tafe Kubwa, Nazeefa ta rasa sukuni. Duk gidan hayar an ɗauka ita da Prudence ƙawaye ne da ke zama ɗaki ɗaya. Da maƙwabta za su gane soyayya ce, ba za su jira 'yan sanda ba. Babanta kuwa sallama ta zai yi har abada.

Suka aro katifa ta biyu, suka sauke hotonsu na bango, kowacce ta tattara kayanta a akwatinta. Wayon 'yan birni ke nan, sun zaci tsohuwa da ido kaɗai take gani.

Da Gwaggo ta iso, Prudence ta durƙusa. "Mama, ka zo lafiya? Ka ci shinkafa, ni ne na dafa." Gwaggo ta yi wa Hausar dariya, ta sa hannu. Nazeefa sai kai-kawo take yi. "Ita ta sayo naman," ta ce. Can kuma, "Mutuniyar ba ta son yaji." An jima, "Ke, miƙo ruwa."

Gwaggo ta daina tauna. "Wai ya sunan ƙawar taki ne?"

Nazeefa ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita. A gidansu mace ba ta kiran sunan mijinta. Haka ta ga uwarta, haka kakarta. Ba ta ma san ranar da ta fara yi wa Prudence wannan kunya ba. Ta sunkuyar da kai kamar amarya, kuma ta san an gani.

"Prudence, Mama," in ji mai sunan, tana ta murmushi, ba ta san me ya faru ba.

Da la'asar Nazeefa ta raka Gwaggo tasha, tana jiran tsinuwa. Sai da tsohuwar ta ɗora ƙafa a matakin bas, sannan ta juyo da idanu jajir.

"Ni ban ga komai ba, kada kuma ki gaya mini komai. Babanki zai zo duba ki bayan Sallah. Kafin nan ki koyi kiran sunan yarinyar nan da ƙarfi, kamar ba kowa ba ce a wurinki."