Agogon Si Larbi

Kwamfutar Si Larbi ta mutu da hantsi, ana gab da Sallah, washegarin ranar da aka binne Ma'allam Bushta. Ta yi wani ƙas-ƙas daga ciki, fuskarta ta yi baƙi, shi ke nan. Si Larbi ya rungumo ta kamar jinjiri ya hau bene zuwa ɗan ɗakin Turiya, inda babbar kwamfutar ofis take gurnani ba hutu.

"'Yata, duba mini wannan. Fushi take yi."

Turiya ce mai kula da duk wani abu mai waya a ofishin nan na masu gyaran tsofaffin gidajen birnin Fas. Aikin nata rabon faɗa ne kawai. Kowa da irin kwamfutarsa: masu zane na nan da Mak ɗinsu da ji-da-kansu, akanta na can da Windos, ita tana tsakiya da Linux tana lallashin kowa ya yi magana da firinta ƙwaya ɗaya da ke bakin ƙofa. Ta kara kunne, ta ji ƙarar, ta san rumbun da kwamfutar ke ajiye bayanai ya tafi. Ko a jikinta. Duk na'urar da aka jona a ofishin, kullum sai an kwashi kwafin abin da ke cikinta an tura wata ma'ajiya a Kazablanka. Da wannan take taƙama, har gori take yi wa mutane.

"Kwantar da hankalinka, Si Larbi. Ko gobara aka yi a nan, aikinka yana can."

"Har da na Ma'allam?"

"Har da shi."

Kowa a ofis ya san abin da yake nufi. Ma'allam Bushta gwanin zallij ne, adon ƙananan tayil da ake lulluɓe bango da shi, kuma akwai zane-zanen da ya gada wurin kakansa ya ƙi koya wa kowa. Sai da ciwo ya kwantar da shi a farkon azumi ya aika aka kira Si Larbi, abokinsa tun ƙuruciya. Kullum da safe tsohon zai sa a zube masa gutsattsarin tayil a ƙasa, ya jera su a kife yadda masu sana'ar ke yi, Si Larbi na gefe yana zanawa a kwamfuta yana tambaya. Da an gama sai ya sa hannu ya watsa su. Hoto kuwa ya hana, ya ce shi ba abin kallo ba ne. Yanzu ya tafi, kuma zanen nan babu shi a kan kowa.

Turiya ta buɗe ma'ajiyar Kazablanka tana 'yar waƙarta. Na akanta yana nan, na jiya. Na masu zane duk na jiya. Ta gangaro kan sunan Si Larbi, waƙar ta tsaya. Kwafinsa na ƙarshe tun kafin azumi ne.

Ta rufe, ta sake buɗewa, kamar wannan zai canza wani abu.

Lalla Gita sakatariya ta leƙo da waya a hannu. "'Ya'yan Ma'allam sun bugo, bayan la'asar za su zo ganin zanen babansu. Ke kuma sarauniyar wayoyi, ki ja wa firintar nan taki kunne, kada ta ba mu kunya gaban baƙi."

"To."

"To kawai? Yau ba baƙar magana? Lallai azumi ya yi aiki."

Si Larbi ya yi dariya, ya zauna kan kujera yana jan carbi. Turiya ta juya masa baya don kada ya ga fuskarta, ta shiga bin sawun kwamfutarsa a cikin babbar na'ura. Ga ta nan kuwa. Kullum da rana, da ya dawo ya jona ta, sai ta ƙwanƙwasa, kullum kuma a ƙi buɗe mata. Dalilin ɗaya ne: agogonta bai yi daidai da na babbar na'urar ba.

Nan take ta gane. Duk shekara ana gab da azumi ake mayar da agogon ƙasar baya da awa ɗaya, bayan Sallah a dawo da shi. Wayoyi kan rikice, wata ta yi gaba wata ta yi baya, shi ya sa manya ba su yarda da kowa ba sai hannunsu.

"Si Larbi, agogon kwamfutar nan, ita ta gyara kanta?"

"Ita? Ta san azumi ne? Ni na gyara mata, tare da na hannu da na bango da na mota. Ban taɓa makara sahur ba, 'yata."

Da alfahari ya faɗa, abin da ya fi ba ta tausayi ke nan. Tsohuwar kwamfuta ce, ba ta san ranar canjin bana ba. Maimakon a gaya mata lokacin ƙasar ne ya sauya, shi sai ya ja agogon da ƙarfi. A fuska daidai yake, a lissafinta na ciki kuwa ta kauce da awa guda, ita kuma babbar na'ura duk wanda lokacinsa ya kauce haka ɓarawo take ɗaukarsa.

Sai kuma ta tuna firinta. Tun farkon azumi Si Larbi ya zo ya ce ta daina amsa masa. Ranar kan Turiya kamar zai tsage don rashin kofi, ta ce masa ya bari sai bayan Sallah. Ya ce ba komai, dama so yake ya buga su gaba ɗaya a takarda mai kyau. Ƙofar da ta hana shi bugu ita ce ta hana shi ajiya, da ta duba ranar da ta gani. Saboda haka ko takarda ɗaya babu.

Ta zare rumbun, ta jona shi a wata na'ura, ta kira Anwar, wani tsohon ɗan ajinsu da ke sana'ar ceto matattun rumbuna. Ta kara masa wayar ya ji.

"Kashe shi, 'yar'uwa, kashe shi! Allurar ce ke cin faifan. Tun yaushe yake wannan kukan?"

"Tun safe."

"To, ki yi wa mai shi ta'aziyya."

Ta ajiye wayar. Carbin Si Larbi ya daina motsi.

"Ta'aziyyar wa kuma?"

Ta so ta ce masa a jira, a gwada wani wuri, a ga abin da Allah zai yi. Amma ta san ƙarya ce, kuma kowace sa'a da za ta ɓata masa da ita asara ce.

"Zane-zanen Ma'allam babu su, Si Larbi. Tun da azumi ya kama ba a ajiye komai naka ba. Ka gaya mini firinta ta ƙi, ban duba ba."

Ya dube ta. "Agogon nan ne?"

Ta jira ya yi faɗa, ta ma fi son ya yi. Sai ya miƙe a hankali, ya zaro damin farar takarda daga cikin firinta, ya ɗauki fensir a teburinta, ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa.

"Rufe ƙofa. Kada kowa ya yi mini magana, sai zane-zanen su zube. Na baya-bayan nan suna nan a kaina, na farko sun fara gudu."

Ta rufe, ta jingina da ƙofar. Fensir ya kama tafiya da sauri, layi na ƙetare layi, tauraruwa ta fara fitowa. Ya cika takarda ya ture, ya ja wata. A tsakiyar wannan hannunsa ya tsaya cak. Ya goge, ya sake ja, ya sake gogewa. Can ya juya hagunsa, gefen da Ma'allam ya saba zama, idonsa na kan takardar.

"Ma'allam, daga nan sai ina?"